Kowa Ya Ci Ladan Kuturu Ya Yi Masa Aski

Wannan magana ce game da wayar da Turawa suka shimfiɗa a ƙarƙashin teku, da tallafin da Gwamnati ta riƙa ba masu ita, da abin lura da ke ciki ga malamai da 'yan kasuwar Ikara da Makarfi da Kudan.

Cikin 1886 waya ta iso Ikko daga Ingila ta cikin ruwa. Kamfanin African Direct Telegraph ya yi aikin, ɗaya daga kamfanonin wani attajirin Ingila, John Pender. Gwamnatin Ingila ta ɗauki alkawarin ba shi fam 19,000 kowace shekara, domin tana so ta ji labarin ƙasashen da take mulki a yini guda, maimakon makonni a jirgin ruwa. Daga bakin teku waya ta hau turaku ta yiwo Arewa, bayan cin Kano a 1903 ta iso Zariya da Kano. Cikin 1911 hanyar jirgin ƙasa ta ratsa Likoro da Gimi, waya na biye da ita.

Tun daga nan farashin auduga na kasuwar Libaful ya riƙa isowa kantin Bature da sauri. Manomin da ya ɗoro audugarsa ko gyaɗarsa bisa jaki kuwa bai san yadda kasuwa ta kwana ba, gama kuɗin waya kalma-kalma ake biya, ya fi ƙarfin talaka. Malamai sun san a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an hana tare fatake a hanya a saye kayansu kafin su shiga kasuwa. Dalilin hanin shi ne kada a cuci wanda bai san farashi ba. To, wayar da mai saye ke iya bugawa, mai sayarwa ba ya iyawa, ai tare fatake ce ta sake kama.

Ba a ce tallafi laifi ba ne. Shimfiɗa igiya cikin teku sai da jirgi da tagulla da dukiya mai yawa, cinikin waya na wannan gefe kuwa kaɗan ne a lokacin, babu attajirin da zai zuba kuɗinsa inda ba ya tsammanin riba. Baitulmali yakan haƙa rijiya don maslahar jama'a. Amma idan aka haƙa ta da kuɗin jama'a, kana aka bar mutum ɗaya ya tsaya bakinta yana yanka kuɗin guga yadda ya ga dama, an tozarta amana.

A dubi mutanen Ostareliya, waɗanda su ma Ingila ke mulkinsu a zamanin. Sun yi shekaru suna biyan wani kamfanin Pender tallafi, duk da haka kalma ɗaya zuwa Ingila sule 9 da kwabo 4 ce. Cikin 1891 suka zauna da shi aka yi ciniki, ta sauko sule 4, bisa sharaɗin gwamnatocinsu su ɗauki rabin hasarar da zai yi. Cikin 1902 suka haɗa kai da Ingila da Kanada da Niyu Zilan suka shimfiɗa tasu igiya a tekun Fasifik, kalma ta koma sule 3. Sun sami rangwame ne domin suna da wakilai masu ja da kamfani. Mutanen Arewa kuwa ba su da kujera a Majalisar Dokoki ta Ikko sai 1947, shekarar da Gwamnatin Ingila ta karɓe kamfanin Cable and Wireless, magajin kamfanonin Pender.

Zamanin buga waya ya shuɗe, amma igiya tana nan cikin teku. Sababbi sun sauka Ikko, kamar Main One da Glo-1, kuma ta cikinsu akasarin saƙon intanet ke ƙetarewa. Mai rake a Kudan da mai mazarƙwaila a Makarfi da mai tumatir a Ikara da wayar hannu suke jin farashin Kano da Ikko. Dokar sadarwa ta 2003 ta kafa asusun tallafi don kai layi ƙauyuka, kuma cikin Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin ɗari.

Saboda haka ya wajaba duk kamfanin da ya karɓi tallafi a rubuta masa sharaɗin farashi da sunayen garuruwan da zai kai wa layi, a shelanta wa jama'a da Hausa. Ya kamata sarakunan kasuwa su aika da wakilai duk sa'ad da hukuma za ta zauna ciniki da kamfanoni, 'yan majalisar wannan yanki kuma su tambayi inda kuɗin asusun ya shiga. Malamai su tunatar a majalisin karatu cewa kuɗin Baitulmali amana ne, wanda ya karɓa bai yi aikin ba akwai hisabi a gabansa.

Allah Ya ba shugabanni ikon tsare amana, Ya sa albarka a kasuwa.