Wanda Ya Kashe Naman Daji Ya Ce Kare Kai Ya Yi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku malamai da fatake na ƙasar Batsari da Safana, ga wata mas'ala da ta cancanci dubawa. Maharbi ne ya shiga dajin Rugu, ya komo da fatar damisa, ya ce ita ta taso masa, ya kashe ta don kare ransa. Shin maganarsa ita kaɗai ta isa ta wanke shi?

Lalle shari'a ba ta hana mutum kare ransa ba. Hadisi ya zo cikin Muwaɗɗa cewa dabbobi biyar, ko mai harama da Hajji ya kashe su ba laifi: hankaka, shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo. Imamu Malik ya ce kare mai cizo ya haɗa duk abin da ke afka wa mutane, kamar zaki da damisa. Amma ya fitar da kura da yanyawa daga ciki, domin a ganinsa ba su afka wa mutane. Ashe ke nan afkawar ita ce dalilin halasci.

To, sai a lura da wata mas'ala cikin littafin nan. Raƙumin wani ya taso wa mutum, ya ji tsoron halaka, ya kashe shi. Malik ya ce in yana da shaidu ba zai biya ba, in kuwa bakinsa ne kurum, sai ya biya. Naman daji ba shi da ubangida da zai kai ƙara gun alƙali, amma yana da Mahalicci, kuma Shi ba a ɓoye masa kome.

Saboda haka wanda ya cinna wa daji wuta, ko ya kewaye dabba da karnuka, ko ya haƙa raminta don ɗauke 'ya'yanta, sa'an nan ta juyo masa, shi ne ya fara ta'adi. In ya harbe ta a wannan hali ya tsirar da ransa, amma alhakin tsokana yana wuyansa. Risala ta ce farauta don wasa makaruhi ce. Ramuwa kuma ba ta wuce wanda ya yi ɓarna: Buhari ya ruwaito labarin wani Annabi da tururuwa ɗaya ta cije shi ya ƙone gidansu duka, Allah ya yi masa faɗa a kan haka.

Ko waɗanda ba Musulmi ba sun gane wannan. A Amurka akwai wata dabba da Larabawa ke kira dubbu, babu ita a ƙasarmu. A 1975 hukuma ta sa wani jinsinta cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu, ta yarda a kashe shi don kare rai, amma da sharaɗin a kai rahoto a bincika. Mu ma Jihar Arewa ta kafa dokar namun daji a 1963. Duk da haka, zaki da giwa da dattawa ke ba da labari a Rugu yanzu sai labarin.

Ku fatake masu sayen fatu da sassan dabbobi, ku sani in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Muddin fatar damisa tana da kuɗi a kasuwa, kowane maharbi zai rantse cewa ita ta taso masa. Kada ku saya.

Shawararmu ga maharba ita ce, in akwai hanyar gudu ko kora, a bi ta. In babu, a kashe da gaggawa ba da azabtarwa ba, a sanar da dagaci da ma'aikatan gandun daji, kada kuma a nemi riba da gawar. Malamai su karantar da wannan a zaure da masallaci, domin hadisi ya tabbatar ko tsuntsu ɗan ƙarami aka kashe ba da hakki ba, za a yi tambaya a kansa ranar Lahira.

Allah ya sa mu dace, amin. Haza wassalamu.