Takardar Ajami a Gaban Joji

Fataken Sakajiki sun san hanyar alƙali tun kaka da kakanni. Mai da'awa ya kawo adilai biyu, ko ɗaya tare da rantsuwarsa in batun dukiya ne. In ya rasa, wanda ake ƙara ya rantse, sa'an nan a yi i'izari kafin hukunci. Haka Tuhufa ta Ibnu Asim ta shimfiɗa. Amma wanda ya ci bashin banki, ko ya sayar wa baƙon Kudu buhunan wake a kasuwar Shinkafi, ran da rigima ta tashi galibi Babbar Kotu za a kai shi, can kuwa ma'auni dabam ne.

Dokar Shaida ta 2011 ita joji ke bi. Ba ya ƙirga shaidu, ba ya aikawa a yi musu tazkiyya. Mai ƙara ma yakan tsaya ya shaidi kansa, abin da alƙali ba zai saurara ba. Joji yakan aza hujjojin ɓangare biyu bisa sikeli, wanda ya rinjaya shi ya ci, bayan lauyoyi sun tankaɗe kowane shaida da tambayoyi. "Wane ya gaya mini" ba ta shiga. In kuwa an rubuta yarjejeniya, baki ba ya sāke abin da alƙalami ya ajiye.

Wannan bai kamata ya zama baƙo ga almajiri ba, domin aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umurni ce da rubuta bashi. Malaman Ƙaura Namoda da Zurmi kuwa sun daɗe suna rubuta wa mutane takardun bashi da na jinginar gona da ajami.

To, ga inda gizo ke saƙa. Harshen Babbar Kotu Turanci ne. Takardar ajami, kome kyan hannun mai ita, ba ta da nauyi sai an fassara ta, an gabatar da fassarar cikin shaida. Ko da joji Bahaushe ne ya sauke Alƙur'ani, ba shi da ikon karanta ta ya fassara wa kansa. Akwai dalili: in an ɗaukaka ƙara zuwa Sakkwato ko Abuja, jojin can ba lalle ya san harshen ba. Sai dai nauyin neman tafinta ya faɗa kan talaka, mai gaskiya kuma yana iya faɗuwa da hujjarsa a aljihu.

Ya kamata Gwamnatin Zamfara ta ajiye tafintan ajami rantsattse a ofishin rajistar kowace Babbar Kotu, cikin malaman zaure a ɗauko su. Kafin nan, malamin da ke rubuta takardar bashi ya sa cikakkun sunaye, da kwanan wata, da adadin kuɗi a rubuce, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Mai bin bashi ya adana ta asali, domin joji ba ya karɓar kwafi sai an bayyana masa inda ta asalin ta shiga.