Muna Da Gwanaye, Ƙa'idar Mahaɗa Ce Babu



Layin dogon da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi zai ratsa gonakin Dambatta, ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, tafiyar kilomita 284. Tun da aka aza harsashinsa a watan Fabrairun 2021 ake ta maganar kuɗinsa da diyyar gonaki da ranar da za a gama. Amma akwai wata lamba da ba kasafai ake ambata ba: milimita 1,435, wato tazarar da ke tsakanin ƙarafan layin guda biyu.

Tsohon layin da ya iso Kano a 1911, wanda ya yi ta jigilar gyaɗa zuwa Ikko, tazararsa milimita 1,067 ce. Bambancin bai kai kamu ɗaya ba, amma ya isa ya hana taragon tsohon layi hawa sabo. Ƙasar nan ta taɓa ɗanɗana irin wannan. Ƙaramin jirgin da ya riƙa ɗauko kuza daga Jos zuwa Zariya a kan tazarar milimita 762 yake tafiya, don haka duk kayan da ya kawo sai an sauke an sake lodawa a babban jirgi. A 1957 aka rufe shi. Ko Ingila ma sai da ta yi doka a 1846 a kan tazarar layi, kuma kamfanin Great Western bai gama tsuke faffaɗan layinsa ba sai 1892. Duk layukan nan ƙwararru ne suka gina su. A wajen haɗuwa ne aikin ya ci tura.

Ra'ayina a wannan makon shi ne: a karkarar Kano ba gwanaye muka rasa ba, yarjejeniyar mahaɗa muka rasa. Kuma wurin da na ga an fi fayyace darasin wuri ne da za ku yi mamaki, wato wajen masu jirgin ƙasa na wasa.

A Turai da Amurka akwai manyan mutane da ke gina ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki, da tashoshinsu da gadojinsu. A wani sikelin da ake kira N, an rage komai sau 160, tazarar ƙarafan kuwa milimita 9 ce kacal. Matsalarsu ita ce ɗaki: ba kowa ke da filin shimfiɗa dogon layi ba. Sai a 1973 wasu a Amurka suka fito da tsarin NTRAK. Kowa ya gina yankinsa a gida a kan allo mai tsawon ƙafa 4 da faɗin ƙafa 2. Ranar taro a kawo, a jera, a haɗa, ya zama layi guda mai cika zaure. A Jamus ma an kafa ƙungiyar FREMO a 1981 a kan irin wannan tunani.

Ta yaya allon mutumin da ba ka taɓa gani ba zai dace da naka? Saboda an rubuta ƙa'ida a kan bakin allo. Tsayin layi daga ƙasa inci 40 ne. Manyan layuka uku ne, kowanne da launinsa: ja, rawaya, shuɗi. An faɗi wace waya ke zuwa wane ƙarfe, da kaurinta, da irin filogin da za a sa mata. Da suka ga tsohon filogin bai wadatar ba, tare suka koma wani mai suna Powerpole, ba kowa ya kama gabansa ba. Idan mutum ɗaya ya juya wayoyinsa, da zarar ƙafar jirgi ta taka mahaɗar allonsa wuta za ta haɗe, layin jama'a ya tsaya. Idan ya sa siririyar waya, duk allon da ke bayansa jirgi zai riƙa jan ciki. Amma tsakiyar allon naka ne. Ka ga dama ka gina kasuwa, ka ga dama ka gina dutse ko rafi, ba mai ce maka uffan.

To, mu dawo gida. A ƙauyukan Makoɗa da Kunci da Tsanyawa da Bici, sola ta shiga rayuwa: shagon cajin waya, fitilar masallaci, fanka a ɗakin mai jego, famfon ban-ruwa a lambu. Mafi yawan aikin samari ne ke yi, waɗanda suka koya a wajen maigida ko a waya, kuma wallahi suna ƙoƙari. Sai dai kowa da salonsa. Wannan ya sa ja a fozitif, wancan ya sa duk wayar da ta rage masa. Wannan ya murɗa wayoyi ya naɗe da salatif, wancan da leda. Kasuwa ma ta ƙara rikita abin, don ana samun wayar gida mai tsohon launi, ja da baƙi, da mai sabon launi, ruwan ƙasa da shuɗi. Mafi haɗari shi ne a ɗauki soket irin na wutar NEPA mai bolt 230 a sa a layin batir mai bolt 12. Ranar da aka kawo janareta aka soka fankar batir a soket mai kama da nata, shi ke nan, ta ƙone. Ranar da mai haɗin ya tafi ci-rani kuwa, wanda aka kira gyara sai dai ya yi ta lalube, ko ya tsinke komai ya sake sabo da kuɗin mai gida.

Ga lissafi kaɗan. A ce tsakanin batir da kayan aiki mita 10 ne, zuwa da dawowa mita 20, ana jan amfiya 10. Wayar jan ƙarfe mai kaurin 1.5 za ta cinye sama da bolt 2 a hanya, kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfin batirin, kuma zafi yake zama a jikin wayar. Mai kaurin 6 ba za ta ci fiye da bolt 0.6 ba. Mai gida ya yi ta zagin batir yana cewa jabu ne, alhali laifin na waya ne. Kuma waya mai zafi a ƙarƙashin rufin azara ko kusa da dangar kara, a lokacin hunturu, kun san abin da ke biyo baya.

Wani zai ce ai wannan aikin hukuma ne, akwai SON, akwai NEMSA. Gaskiya ne, kuma dokokinsu su ne madogara. Amma ba gwamnati ce ta rubuta wa masu NTRAK ƙa'idarsu ba, su suka zauna suka amince. Mu ma ba baƙon abu ba ne a wajenmu. Kwanon awo a kasuwar Dambatta yarjejeniya ce. Sarkin maƙera da sarkin magina da sarkin pawa duk an naɗa su ne don sana'a ta kasance da tsari. Me zai hana masu haɗa sola na gunduma guda su yi shugaba, su yarda da abu biyar: ja fozitif, baƙi negetif, fiyus kusa da batir, kaurin waya daidai da nisa, soket na batir daban da na janareta, sannan takarda a manne kusa da batir mai nuna wace waya ta tafi ina?

Wani kuma zai ce ƙa'ida tsada ce, talaka ba zai iya ba. Waya mai kauri ta fi tsada, ba musu. Amma launi kyauta ne, takarda kyauta ce, fiyus kuwa bai kai kuɗin fankar da zai tsare ba. Araha ba ta ado, balle idan ta ƙare da gobara.

Hanya mafi sauƙi ta dasa wannan ɗabi'a ita ce ta yara. Yaranmu tun tuni suke ƙera motar kara da ta langa-langa, kowa tasa ta fi ta wani. Abin da ba a taɓa nema daga gare su ba shi ne su yi abin da zai haɗu da na ɗan wani gari. A ce Kwalejin Ilimi ta Fasaha da ke Bici ko Makarantar Kimiyya ta Dawakin Tofa ta fitar da takarda guda mai ɗauke da faɗin allo, tazarar layi, launin waya da irin mahaɗa. Kowace makaranta ta gina yankinta da kwali da kara da ƙaramar mota daga tsohon kayan wasa: wata ta yi tashar Kano, wata dam ɗin Tomas, wata kara ta shanu. Ranar taro a jera. Yaron da allonsa ya tsayar da jirgin jama'a saboda ya juya waya ba zai manta ba har ya tsufa. Irinsa ne gobe za a iya danƙa wa wayoyin sigina na layin Maraɗi, ba gadi ko dako kaɗai ba.

A nan ne mu ma muke da rabo. Kowace ƙa'ida rubutu ce kafin ta zama aiki. Akasarin takardun da ke zuwa cikin kwalin kwantirola da inbata da Turanci suke, yaron shago kuwa da Hausa yake tunani. Wanda duk zai iya a cikinmu, ya je ya zauna da mai haɗa sola na garinsu, ya ji sunayen da suke kiran kayansu, ya rubuta shafi guda da Hausar da za a karanta a tsaye, riƙe da filaya. A kai wa malamin lantarki ya duba, sannan a buga a raba a shaguna. Wanda ya yi, ya kawo mana mu gani mako mai zuwa.

Allah Ya tsare mu da gobara, Ya sa albarka a sana'ar matasanmu.