Bangon Wurin Ibada: Su Sun Zana, Mu Me Muka Yi?

 

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka ado a bangon wurin ibada abin wasu ne, mu namu farar ƙasa kawai. Ni ban yarda ba, tarihi ma bai yarda ba.

A ƙasar Sham, bakin kogin Furatu, akwai kufan wani gari mai suna Dura. Wajen shekara ta 256 Miladiyya mutanensa suka cike gine-ginen da ke jikin ganuwa da ƙasa don tsoron Farisawa. A 1932 masu tonon tarihi suka buɗe ɗakin ibadar Yahudawa a wurin, suka tarar da bangonsa cike da zanen ƙissar Annabi Musa da ta wasu annabawa. A garin kuma akwai gidan da Kiristoci suka mayar coci, shi ma da zanensa. Can Indiya, mabiya Buda sun sassaƙa kogo kusan 30 a jikin dutse a Ajanta, suka zana labaran malaminsu a ciki.

Me ya kai su? Fafaroma Giregori ya ba da amsa wajen shekara ta 600, da ya ji wani bishop a Marsai ya farfasa hotunan coci. Hujjarsa ita ce, wanda bai iya karatu ba, a bango zai karanta. Su kansu Kiristoci ba su taru a kan wannan ba. Rumawan Kustantiniyya sun fi shekara 100 suna rigima, wani sarki ya sa a kankare, wani ya sa a mayar, sai a 843 masu hotuna suka yi rinjaye.

To mu fa? Ummu Salama da Ummu Habiba, Allah Ya ƙara musu yarda, sun ba Manzon Allah (SAW) labarin wata coci mai hotuna da suka gani a Habasha, ya yi gargaɗi mai tsanani a kan masu gina wurin ibada bisa kabarin salihi su zana surori a ciki. Ranar buɗe Makka kuma, shekara ta 8 bayan Hijira, bai shiga Ka'aba ba sai da aka kawar da surorin da ke ciki. Wannan ya rufe ƙofar zanen mai rai a masallaci. Amma ku duba abin da magabata suka yi da bangon. Ƙubbatus Sakhra ta Ƙudus, wadda Abdul Malik ɗan Marwan ya gina a shekara ta 72, an jera mata ƙananan gilasai masu launi da ruwan zinariya, aka fitar da ganyaye da rassa, da rubutu mai tsawon kamar mita 240. Ɗansa Walid ya ƙawata masallacin Dimashƙa da itatuwa da ƙoramu da gidaje, babu mutum babu dabba ko ɗaya. A nan gida ma, duk wanda ya shiga tsohon ginin masallacin Juma'a na Zariya ya ga zanen da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya fitar a jikin laka, ya san maginanmu ba a bar su a baya ba.

Sai dai akwai iyaka. Imamu Malik ya karhanta ado da rubutu a bangon alƙibla, don yana ɗauke hankalin mai salla. Mu da muke karanta Risala da Iziyya ya kamata mu fi kowa sanin haka.

Abin da ke damuna shi ne halin da muke ciki yanzu. Ado mun bar shi, adabi ma mun bar shi. Za a kira mai fenti wanda bai san alif ba, a ce ya kwafi aya a katangar waje. Ya tsallake ɗigo, ya haɗe harafin da ba a haɗewa, ga kwata a ƙarƙashi, ga awaki suna goga jiki, damina ta zo ta wanke rabi. Subhanallahi! Yaron da ko allonsa ba ma yarda ya ajiye a ƙasa, kullum ta nan yake wucewa, ya haddace kuskuren kafin malami ya gyara masa.

Shawarata ga kwamitocin makarantu da masallatan unguwa: a bar ayoyi a cikin aji, sama da kai, kuma kada a rubuta sai malami ya duba harafi da wasali. Katangar waje a ba ta dagi da irin zanen da ake yi wa ƙofar zaure a Kano da Damagaram. Cikin ɗalibanmu akwai masu hannu, muna ganinsu ranar zayyanar allo. Iyaye, idan ɗanku na cikinsu, ku turo shi ran Alhamis da alƙalaminsa da tawada, a fara gwadawa a takarda kafin a taɓa bango.