Raddi Ga Masu Cewa Nisa Ya Daina Tasiri A Cinikin Ƙasashe

Tun bayan littafin Frances Cairncross na 1997 kan mutuwar nisa ake yayata cewa tazara ta daina takura ciniki tsakanin ƙasashe. Da'awar tana cin karo da lissafin da Jan Tinbergen ɗan ƙasar Holan ya gabatar a 1962, wanda ya aro siffarsa daga dokar Newton ta fizgar juna: cinikin ƙasashe biyu yana ƙaruwa gwargwadon girman tattalin arzikinsu, yana raguwa gwargwadon nisansu.

Hujjar farko ta masu wannan da'awa ita ce kwantena ta karya kuɗin dakon kaya. Haka ne, amma sauƙin ya shafi na kusa da na nesa duka. A 2008 Anne-Célia Disdier da Keith Head sun tattara ƙiyasi 1,467 daga bincike 103, suka ga ƙarin nisa da kashi 10 cikin ɗari yana rage ciniki da kimanin kashi 9. Tasirin ma ya ƙaru ne a tsakiyar ƙarni na ashirin, bai kuma sauka ba. Dalili kuwa, kuɗin jirgi wani yanki ne kawai na wahalar nisa. Akwai kwanakin da kaya ke yi a hanya jari na kwance, akwai wuyar sanin halin abokin ciniki da bin bashi.

Ta biyu, suna kafa hujja da kayan Sin da suka cika kasuwannin Amurka. Nan sun manta rabin lissafin, wato girma. Ga shi kuma a 2023 Meziko, maƙwabciyar Amurka, ta sha gaban Sin wajen sayar wa Amurka kaya.

Ta uku ce mai ɗan nauyi: wai harshe da al'adar da maƙwabta suka haɗa ne ke jawo ciniki, nisa fakewa kawai ya yi a bayansu. Mashigin Suwez ya raba gardama. An rufe shi daga 1967 zuwa 1975, dole jirage suka riƙa zagaye Afirka, alhali harshen kowa da al'adarsa suna nan yadda suke. Binciken James Feyrer ya nuna ƙasashen da hanyarsu ta teku ta tsawaita cinikinsu ya ragu, da aka buɗe mashigin kuma ya farfaɗo.