Kawu, Wanne Zan Saya?

A zangon Sokode inda muka taso, hukuncin dattawa a kan wasa gajere ne: dara ta masu hankali ce, karta kuwa ƙofar caca. Yaro ya tsuguna gaban gurabe 30 da 'ya'yansa 12, ba mai ce masa kanzil. A gan shi da kati, kunnensa ya sha murɗa.

Bara ɗan ƙanwata ya zo mini da wannan tsohuwar gardama cikin waya. Yaron mota ne, yana bin babbar hanya daga Sokode ta Kara da Mango har Dapaong, tafiyar wajen kilomita 300. Ya ce, "Kawu, kuɗina na wasa ɗaya ne. Wanne zan saya?"

Wasanni biyu yake dubawa. Na farko Civilization ne, wanda Sid Meier ya fara fitarwa a 1991, na shida ya fito a 2016. Ka kafa gari, ka yi noma, ka ƙulla zumunci ko ka ja daga, kai ka taka, abokin hamayya ya taka. A na shidan, cikakken wasa taku 500 ne, daga shekara 4000 kafin haihuwar Annabi Isa zuwa 2050. Jikan dara ne, kuma raina ya fi kwanciya da shi. Amma yana son dogon zama da babban allo, ga cin batir. Wanda direba zai kwaɗa wa kira a tashar Mango ya ɗaure kaya, ina ya ga wannan sukunin?

Na biyu Slay the Spire, na kamfanin Mega Crit, ya kammala fitowa a 2019, ya iso wayoyin Android a 2021. Kati ne, amma ba a zuba ko dala. Wasa ɗaya ba ya wuce awa guda da 'yan kai, kuma in aka kashe ka ka koma farko, tsarin da ya gada daga wasan Rogue na 1980. Wannan na ce ya saya, don lokacinsa guntu-guntu yake zuwa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda wasan ke horar da kwaɗayi. Bayan kowane faɗa a miƙo maka kati uku, ka ɗauki ɗaya ko ka bar su duka. Sabon shiga ba ya bari. Sai tarin katunansa ya kumbura, ga shi biyar kawai ake ja a kowane zagaye, katin da zai cece shi ya nutse cikin tarkace, alhali abokin gaba ya riga ya nuna bugun da zai kawo. Yaron ya sha faɗuwa yana zargin rashin sa'a, har ya gane yawancin faɗuwar daga hannunsa take: ba duk abin da aka miƙo kyauta ake karɓa ba. Ɗan kasuwar da ya cika shago da kayan da ba sa tafiya ya san wannan ciwon.

Dattawanmu caca suka tsana, kuma suna da gaskiya. Ranar da yaron ya samu kwamfuta da zama wuri ɗaya, ni zan saya masa Civilization. Yanzu dai, in ya isa shagon cikin wasan, kafin ya dubi sabon kati sai ya biya zinariya a cire masa wanda ba ya amfani.