Tun ran gini, tun ran zane: IDE, AHCI ko RAID?



Kwanan baya wani dattijo abokin mahaifina, mai saida siminti da kwanon rufi a nan Maraɗi, ya aiko yaronsa ya kira ni da sassafe. Na iske shi bakin mangaza ya yi tagumi, ga kwamfutarsa bisa tebur fuskarta ta yi shuɗi. Bayan mun gaisa sai ya ce: "Ɗana, ka gani. Jiya anka ɗauke wuta, da ta dawo abin ga ya ƙi tashi. Mai gyara ya ce faifan ciki ya mutu, in ba da jaka 25 a sa sabo. To, bashin da nike bin mutane fa? Lissafin shekara huɗu duk yana ciki."

Na ce: "Baba, a dakata da sayen sabo tukuna." Muka kashe ta, muka kunna, muka shiga BIOS, wato shafin nan na saiti da ke zuwa tun kafin Windows ya tashi. Abu na farko da idona ya faɗa kansa shi ne kwanan wata: agogon na'urar ya koma baya da shekaru. Abu na biyu, ga sunan faifan nan a rubuce, alamar yana nan da ransa. A layin da ke ɗauke da kalmar SATA kuwa an rubuta RAID. Muka maida shi AHCI, muka adana, muka sake kunnawa. Kafin shayi ya huce lissafin Alhaji ya bayyana, ko dala ba ta ɓata ba.

Ba don in yabi kaina na kawo wannan labari ba, domin aikin bai fi na minti biyar ba. Na kawo shi ne saboda layin nan guda, wanda ake wucewa da gaggawa ranar da ake ɗora wa kwamfuta Windows, ya sha jawo a wanke faifai mai lafiya ko a jefar da shi.

Bari mu ɗauko zancen daga tushe. Faifan ajiya, wanda masu gyara ke kira disk dur, shi ne mangazar kwamfuta. A bakin ƙofarta akwai wata ƴar na'ura mai kula da shige da fice, kamar dai mai tsaron mangaza. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, Windows ce ko Linux, ba ta shiga mangaza da kanta, sai ta bakin wannan mai tsaro. Shi kuwa harshe uku yake ji, IDE da AHCI da RAID, amma da ɗaya kaɗai yake magana, wanda aka zaɓa masa cikin BIOS. Ranar da ake ɗora Windows, sai ya saurari harshen da mai tsaro ke yi, ya ɗauki tafintan wannan harshe ya ajiye kusa domin kowace safiya. Tafintan nan shi ne ƙaramar manhajar da ake kira pilot ko direba. In daga baya aka sauya harshen, Windows zai tashi da tsohon tafinta, su yi ta kallon juna da mai tsaro ba mai jin wani. Nan ne fuskar kwamfuta ke yin shuɗi: a Windows XP da Windows 7 a ga lamba 0x0000007B, a Windows 10 a ga INACCESSIBLE BOOT DEVICE. Ma'anar saƙon ita ce an kasa buɗe ƙofa. Kaya suna nan ciki.

To, wane ne ya sauya wa kwamfutar Alhaji harshe, alhali ba wanda ya taɓa ta? Wata ƴar pil ce mai suna CR2032, mai faɗin milimita 20, kamar ƙwandalar dala, wadda ke maƙale bisa babban allon na'ura. Ita ke riƙe agogo da saiti in babu wuta. Kwamfutocin hannu da ke iso mana daga Turai sun riga sun kwana biyu, pil ɗinsu ta gaji. Muddin akwai lantarki ba a gane komi. Ranar da aka ɗauke, sai BIOS ya mance abin da aka gaya masa, ya koma saitin masana'anta. Wanda ya ɗora wa Alhaji Windows ya zaɓi AHCI, masana'anta kuwa RAID ta sa. Iyakar ciwon ke nan.

Yanzu sai mu dubi harsunan ɗaya bayan ɗaya.

IDE shi ne dattijo. Tun 1986 ya fito, zamanin faifai mai faffaɗar igiya da haƙora 40. Da igiyar SATA ta zo a 2003, sai masu ƙera na'ura suka bar wata hanya da sabon faifai zai yi shigar tsoho, domin Windows XP, wanda ya fito a 2001, bai san sabon harshe ba sai an ba shi tafinta cikin disket ta hanyar danna F6. Microsoft ya daina kula da XP tun 8 ga Afrilu 2014. Saboda haka yau ba mai bukatar IDE sai wanda wata tsohuwar manhajar aiki ta ɗaure shi ga XP, kuma sababbin na'urori da yawa ma ba su da wannan zaɓi.

AHCI kuwa kamfanin Intel ne ya fitar da ƙa'idarsa a 2004, kuma daga Windows Vista na 2007 zuwa yau kowane Windows da tafintansa yake zuwa. Haka ma Linux. Fa'idarsa biyu ce. Ta farko, faifai na iya karɓar saƙo har 32 a lokaci guda ya jera su yadda ya fi sauƙi. Ɗan kasuwa ya san bambancin yaron da ake aike kasuwa ya dawo, a sake aikensa ya dawo, da wanda ake ba dukkan saƙonni ya bi layi-layi ya gama a tafiya guda. Ta biyu, ana iya cire faifai na biyu ko a sa shi na'ura tana aiki, in allon ya yarda da haka. Ga mai faifai guda, na ƙarfe mai juyawa ne ko SSD, wannan ne zaɓin da ya dace.

RAID shi ne mai ruɗin mutane, domin sunansa na da kwarjini. Masana uku na jami'ar Berkeley a Amurka, Patterson da Gibson da Katz, suka raɗa masa suna a 1987, kuma manufarsa ita ce haɗa faifai biyu ko fiye su yi aiki kamar guda. A RAID 1 duk abin da aka rubuta a wannan ana rubuta shi a wancan, in ɗaya ya mutu ɗaya na nan. A RAID 0 ana raba kowane abu gida biyu domin sauri, in ɗaya ya mutu an yi asarar duka. Mai faifai guda ba shi da abin haɗawa. Duk da haka kamfanoni irin su Dell kan fitar da na'urori da yawa a kan RAID ko da faifai guda ne ciki, suna aiki da manhajar Intel mai suna RST. In ka sayi irinta da Windows ɗinta na asali tana aiki lafiya, bar ta yadda take.

Wahalar tana zuwa ne ranar sabon ɗori. Mai son sa Ubuntu a kan na'urar da ke RAID zai iya ganin ba a nuna masa faifai ko kaɗan. Tun daga fitowar 20.04 ta shekarar 2020 manhajar da kanta take gargaɗi a kashe RST tukuna. Haka nan na'urori masu ƙwaƙwalwar Intel zubi na 11, waɗanda suka fara fitowa a 2020, da na bayansu, suna da wani saiti mai suna VMD wanda kan ɓoye faifai ga mai ɗora Windows. Magani ɗayan biyu ne: a kashe VMD cikin BIOS, ko a zo da tafintansa cikin kile USB. Wannan ya shafi har da ƙananan faifan nan na zamani masu suna NVMe, waɗanda ƙa'idarsu ta fito a 2011. Su ba ruwansu da AHCI, harshensu daban ne, amma RAID ko VMD na iya tare musu ƙofa.

Zancen ya zo a kan gaɓa, domin Microsoft ya tsaida 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ranar ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Ke nan a biro-biro da kantuna, daga Yamai har Damagaram, na'urori da dama za su sha sabon ɗori, wasu Windows 11, waɗanda ba su cika sharaɗi ba kuma Linux. Ga abin da nake ba da shawara a yi.

Da farko a kwashe takardu da lissafi zuwa wani faifai na waje kafin a taɓa komi. Sannan a shiga BIOS: galibi F2 a Dell, F10 a HP, F1 a ThinkPad, ko maɓallin Suppr a na'urorin tebur da yawa. A nemi layin SATA, a rubuta abin da aka iske kafin a sauya. In faifai guda ne, a sa AHCI, sannan a ɗora. In an gama, a rubuta zaɓin da kwanan wata a ƴar takarda a liƙa jikin na'ura. In ta tsufa, a sauya mata pil a wannan rana. Kuɗinta bai taka kara ya karya ba.

Wanda ya riga ya ɗora kuma yana son sauyawa, akwai hanya a Windows 10 da 11: a umarci na'ura ta msconfig ta tashi cikin yanayin nan da Windows na Faransanci ke kira mode sans échec, a sauya cikin BIOS, a bar ta ta tashi ta ɗauki sabon tafinta, sannan a cire umarnin. Amma a kiyaye abu biyu. In an kulle faifan da BitLocker, na'ura na iya neman lambar ceto mai alƙaluma 48, kuma wanda ba shi da ita ya kulle kansa waje. In kuwa faifai biyu ne aka haɗa da gaske, kamar yadda akan yi wa babbar na'urar ma'aikata, kada a kuskura a fidda ta daga RAID ba tare da masani ba.

Ga ma'aikatan gwamnati ina da ƙarin magana. Na'urar biro ba ta mutum guda ba ce. Wanda ya ɗora mata Windows bana, baɗi an yi masa canjin wurin aiki zuwa Tawa. Ranar miƙa aiki ana ƙirga kujeru da makullai, amma da wuya a rubuta saitin kwamfuta ko inda lambar ceto take, alhali albashin mutane da takardun filaye na ciki. Layi biyu cikin takardar miƙa aiki sun isa. Kuma kada shugaban ma'aikata ya sake jiki don an ce masa akwai RAID 1: abin da aka goge bisa kuskure a faifai ɗaya, nan take yake gogewa a ɗayan, ɓarawo kuma tare yake ɗauke su. Kwafi na waje, a wani ɗaki daban, shi ne ajiya.

Masu gyara kuma, ƴan'uwa, sana'arku amana ce. Kafin ku ce wa mutum faifansa ya mutu, ko ku ce sai an wanke shi, ku duba agogon BIOS da layin SATA. Shi ma mai na'ura yana da haƙƙin ya tambaya: "Ka ga sunan faifan cikin BIOS?" Matambayi ba ya ɓata.

Alhaji dai ya sa an sauya pil, an liƙa takarda, kuma yanzu kowace Alhamis yaronsa na kwafe lissafi cikin kile ya kai gida. Da zan tafi ya ce mini: "Ɗana, ashe dala guda ta so ta cinye mini miliyoyi." Na ce: "Baba, Allah ya kiyaye gaba."

Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.